Taurarin da suka fi kusa da Rana: Su wane ne maƙwabtanmu, kuma za a iya zuwa wurinsu?

Lokaci zuwa lokaci labari kan karaɗe shafukan sada zumunta cewa masana sun gano wata sabuwar duniya kusa da tamu, har wasu su fara maganar cewa ɗan'adam ya kusa samun wurin ƙaura. Sau da yawa akwai ƙamshin gaskiya a labarin, domin kuwa an gano duniyoyi da ke kewaya wasu taurarin da ke maƙwabtaka da Rana. Matsalar tana cikin kalmar "kusa". Abin da masanin sararin samaniya yake nufi da ita ya sha bamban da abin da mai karatu zai ɗauka.

Rana ita ma tauraruwa ce, ɗaya daga cikin biliyoyin taurarin da ke cikin babban gungun da ake kira Milky Way. Tana nesa da mu da kusan kilomita miliyan 150, kuma haskenta yana iso mu cikin minti takwas da daƙiƙa ashirin. Sauran taurari sun yi nisan da kilomita ba ta da amfani wajen auna shi, shi ya sa masana suke amfani da tafiyar haske. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, a shekara kuwa yana cin kusan kilomita tiriliyan 9.5. Wannan tazarar ce ake kira shekarar haske.

Gida mai taurari uku

Tauraron da ya fi kowanne kusa da Rana shi ne Proxima Centauri, wanda yake nesa da shekarar haske 4.24, wato kimanin kilomita tiriliyan 40. Idan aka ƙaddara cewa tsakanin duniyarmu da Rana mita ɗaya ne kacal, to Neptune, duniyar ƙarshe a cikin masu kewaya Rana, za ta kasance a mita 30. Shi kuwa Proxima sai an yi tafiyar kusan kilomita 270 kafin a same shi, fiye da nisan Kano zuwa Kaduna.

Duk da kusancinsa, ido ba ya ganin Proxima sai da na'urar hangen nesa. Ƙaramin tauraro ne ja, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin takwas na nauyin Rana. Sai a shekarar 1915 wani masani mai suna Robert Innes ya gano shi a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu.

Proxima ɗan gidan Alpha Centauri ne, gidan da ke da taurari uku. Manyan biyun, A da B, suna nesa da mu da shekarar haske 4.37, kuma suna kewaya juna sau ɗaya a kusan shekara 80. Na farkon ya ɗan fi Rana girma da haske, na biyun kuma bai kai ta ba. Ga mai kallo da ido, su biyun kan haɗe su zama tauraro ɗaya, wanda shi ne na uku a haske a sararin dare. Mazauna Turai ba sa ganinsa saboda ya karkata kudu sosai, amma daga arewacin Najeriya da kudancin Nijar ana iya hango shi can ƙasa-ƙasa ta kudu a farkon dare, daga watan Mayu zuwa Yuli, idan babu hadari.

Haske ba ya nuna kusanci

Mutum zai ɗauka tauraron da ya fi haske shi ya fi kusa. Jerin maƙwabtan Rana ya nuna ba haka abin yake ba. Bayan gidan Alpha Centauri, sai tauraron Barnard mai nisan kusan shekarar haske 6, sai Luhman 16 mai 6.5, sai Wolf 359 mai kusan 7.9, da Lalande 21185 mai 8.3. Babu ko ɗaya a cikinsu da ake gani da ido.

Dalili shi ne yawancinsu jajayen ƙananan taurari ne, waɗanda masana ke yi wa laƙabi da wadanni. Irinsu ne kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin Milky Way. Suna ƙona makamashinsu sannu a hankali, don haka haskensu ba shi da ƙarfi, amma suna da tsawon rai. An ƙiyasta Rana za ta yi kusan shekara biliyan 10 tana ci, ta kuma riga ta yi biliyan 4.6, alhali ƙaramin tauraro irin Proxima zai iya kai shekaru tiriliyoyi.

Luhman 16 ma bai kai matsayin cikakken tauraro ba. Abubuwa biyu ne da suka fi duniyar Jupiter nauyi nesa ba kusa ba, amma nauyin bai isa ya kunna irin wutar da ke ci a cikin Rana ba. Saboda dushewarsu, sai a 2013 Kevin Luhman ya gano su a cikin hotunan na'urar WISE ta hukumar NASA ta Amurka.

Shi kuwa tauraron Barnard, gudunsa ne ya sa ya yi suna. A 1916 Edward Barnard ya auna yadda yake sauya wuri a sama, kuma har yau ba a san tauraron da ya fi shi saurin gusawa a idon mai kallo daga duniya ba. Duk da haka, sai ya yi kusan shekara 180 kafin ya gusa da faɗin cikakken wata.

Maƙwabcin da kowa ya saba gani shi ne Sirius, wanda Larabawa ke kira Shi'ira, kuma sunansa ya zo a Alƙur'ani a Suratun Najm. Shi ne mafi haske a sararin dare, nisansa shekarar haske 8.6, nauyinsa ya ninka na Rana sau biyu, haskensa kuma kusan sau 25. A lokacin sanyi ana ganinsa tun farkon dare, kuma taurari ukun nan da ke jere a layi ɗaya a tsakiyar gungun Orion suna nuni zuwa gare shi. Yana da aboki, Sirius B, wanda aka fara gani a 1862. Ragowar tauraro ne da ya gama cin wutarsa: girmansa kamar na duniyarmu, nauyinsa kuwa kamar na Rana.

Na biyu a haske bayan Sirius shi ne Canopus, wanda ake kira Suhail da Larabci. Shi ba maƙwabci ba ne ko kaɗan, domin nisansa ya haura shekarar haske 300. Tsananin haskensa ne ya sa ake ganinsa haka.

Yadda aka auna nisan

Idan ka miƙa hannu ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya sannan ka sauya zuwa ɗayan, za ka ga yatsan kamar ya matsa. Dabarar da masana ke bi ke nan. Sukan duba tauraro yau, su sake dubawa bayan wata shida, lokacin da duniya ta koma ɗaya ɓangaren Rana. Tauraron da ke kusa zai ɗan gusa idan aka kwatanta shi da na nesa, daga wannan gusawar ake lissafa nisansa.

Gusawar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ko ta Proxima ba ta kai kashi biyu cikin 3,600 na digiri ɗaya ba. Friedrich Bessel na Jamus ne ya fara wallafa irin wannan awo a 1838 a kan tauraron 61 Cygni, sai Thomas Henderson ya fitar da na Alpha Centauri a 1839, daga aikin da ya yi a Afirka ta Kudu. A zamaninmu, kumbon Gaia da hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2013 ya auna taurari fiye da biliyan ɗaya.

Batun sabuwar duniya

A watan Agustan 2016 masana suka sanar da gano Proxima b, duniyar da ke kewaya Proxima. Nauyinta ya ɗan ɗara na tamu, tana kammala kewaye ɗaya cikin kwana 11, kuma tana tazarar da ruwa zai iya zama ba tare da ya daskare ko ya ƙafe ba. An kuma tabbatar da wata ƙaramar duniya a wajen tauraron Barnard a 2024.

Sai dai ba hoton Proxima b aka ɗauka ba. An gane tana nan ne daga ɗan rangajin da take sa tauraron ya yi yayin da take kewaya shi, kuma wannan hanyar ba ta nuna ko akwai iska ko ruwa a kanta. Ƙari a kan haka, Proxima kan yi aman wuta ba zato, ita kuma duniyar tana kusa da shi da kusan kilomita miliyan 7 kawai. Masana na ganin irin wannan aman zai iya kwashe iskar da ke lulluɓe da duniya.

Sannan ga tafiyar kanta. Kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, yana gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, kuma babu abin da ɗan'adam ya ƙera da ya kai shi nisa. A ma'aunin nan na mita ɗaya, bai cika mita 200 ba cikin kilomita 270. Da ma Proxima ya nufa, sai ya haura shekara 70,000 kafin ya isa. A 2016 attajiri Yuri Milner da masani Stephen Hawking sun ƙaddamar da shirin Breakthrough Starshot, da nufin tura 'yan mitsi-mitsin na'urori da za su isa can cikin kusan shekara 20, amma ba a harba ko ɗaya ba, kuma tun asali ba na ɗaukar mutane ba ne.

Saboda haka amfanin waɗannan maƙwabta a yanzu na bincike ne. Kusancinsu ya sa su ne mafi sauƙin nazari ga masu neman sanin yadda taurari ke rayuwa da kuma ko akwai rai a wata duniyar. Ko saƙon rediyo aka aika wa Proxima yau, aka kuma amsa nan take, sai bayan shekara takwas da rabi amsar za ta iso.