Kuɗin komin: ina suke fitowa, wa ke tsaronsu?

Hirarmu ta yau bisa kuɗin komin take, wato ƙaramar hukuma. Kai kake biyan lanho. Kai kake biyan kuɗin rumfa ran kasuwa, da kuɗin kara in ka kai ɗan akuyarka, da kuɗin tasha. To, in magana ta tashi cikin gari cewa an ci kuɗin nan, wa za a tambaya? Kuma ta wace hanya?

Mu soma da lissafi, tun da yanzu ka iya. Misali ne za mu yi. A ce kasuwar garinku tana ci sau ɗaya a mako. A ce masu kasa kaya 200 ne, kowa yana biyan dala 10. Dala 10 sau 200, dala 2000 ke nan, wato jikka 10. Shekara tana da mako 52. Jikka 10 sau 52, jikka 520. Yanzu a ce mai karɓar kuɗin ya ba mutum 100 tikiti, ya hana ma sauran 100. Abin da ya karɓa babu tikiti ba ya shiga littafi, aljihu yake shiga. A shekara komin ta yi asarar jikka 260, a kasuwa ɗaya tak. Ba wanda ya fasa ƙofa, ba wanda ya haura katanga. Dala goma-goma aka kwashe su, gaban idon kowa. Ka ga dalilin da ya sa ƴar takardar nan take da daraja. In ka biya, karɓi tikitinka. Karanta adadin da aka buga a kai, ka gani ko daidai yake da abin da ka bayar.

Komin a ƙasarmu ta Nijar ba tsohon abu ba ne a karkara. Ran 24 ga watan Yuli 2004 aka yi zaɓen kansiloli cikin komin 265. A 2010 aka yi babbar dokar ƙananan hukumomi. Dokar ta raba aiki. Kansiloli su ke zama su tsara kasafin kuɗin shekara: nawa za a samu, me za a yi da su. Magajin gari shi ke ba da umurni a kashe. Amma ba shi ke riƙe da kuɗin ba. Ma'aji ne ke karɓa, shi ke biya, kuma bai kamata ya biya ba sai ya ga takardu sun cika. Hikimar ita ce kada mai sa hannu ya zama mai riƙon makulli. In su biyun suka haɗa baki, to an ba kura ajiyar nama. Don haka dokar ta ce ƙarshen shekara magajin gari ya kawo lissafin abin da aka kashe gaban kansiloli, kuma zaman kansiloli a buɗe yake, talaka yana iya shiga ya saurara. Mutane da yawa ba su taɓa sanin haka ba.

Ban da kuɗin kasuwa, akwai wasu ƙofofin ɓarna. Akwai aikin da aka biya ba a yi ba: a takarda an gina aji, a gari ɗiyanka suna karatu cikin rumfar zana. Akwai ƙarin farashi, a sayi buhun siminti a rubuta kuɗin buhu biyu. Akwai maganar filaye, wadda ta fi zafi a manyan garuruwa irin su Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. A yanka gonakin mutane a yi filayen gida, a sayar, kuɗin su ɓace. Wani lokaci fili ɗaya a sayar ma mutum biyu, kowa da takardarsa, su ƙare gaban alƙali.

Dattawa suna tune da 1974. Ran 15 ga Afrilu na shekarar sojoji suka karɓi mulki, Seyni Kunce na gabansu. Cikin laifin da suka ɗora ma gwamnatin Diori Hamani akwai cewa abincin taimako na lokacin fari bai isa ga mayunwata ba. Tun daga nan kusan kowace gwamnati da tata hukumar bincike. A 2011 aka kafa HALCIA don yaƙi da cin hanci. A 2023 aka kafa COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa. Ministan cikin gida kuma yana da masu bincike da yake aikawa komin su duba littattafai.

Nan sai ka saurara da kyau, don nan ake yawan ruɗewa. Zargi dabam, bincike dabam, hukunci dabam. Zargi magana ce, kowa na iya yin ta, har da maƙiyi. Bincike shi ne a buɗe littafi, a gwada tikiti da kuɗin da suka shiga, a tafi a ga ajin da ido. Hukunci na alƙali ne shi kaɗai. Gwamnati tana iya sauke magajin gari daga kujera, amma saukewa ba shari'a ba ce. Dubi Yamai. A 2013 gwamnati ta sauke magajin garin, Umaru Dogari, jim kaɗan bayan jam'iyyarsa ta fita daga ƙawancen masu mulki. Magoya bayansa suka ce siyasa ce. A 2021 kansiloli suka sake zaɓensa. A 2017 ma an sauke wani magajin garin na Yamai, Asan Saidu. A ganinmu, saukewar da ba a bi ta da shari'a a fili ba tana cutar kowa. In mutumin ya ci, kuɗin ba su komo ba. In bai ci ba, an ɓata mashi suna a banza. Talaka kuwa bai san gaskiya ba har abada.

A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun komin, suka naɗa kantomomi su riƙe aikin. Wanga ya canza hanyar tambaya, don babu kansilan ƙauyenku da za ka tare a bakin masallaci. Sai dai ko zaɓaɓɓe ne ke bisa kujera ko naɗaɗɗe, lanhon daga aljihunka ya fito, kuma littafin ma'aji yana nan.

To, in ka ga abin da bai kwanta maka ba, kada ka soma da zagi a kasuwa. Mai zargin da ba shi da shaida shi ma ana iya kai shi gaban alƙali don ɓata suna. Soma da rubutu. Samu ɗan littafi. Rubuta rana da wata, da wuri, da abin da ka biya, da ko an ba ka tikiti. In ana gini a ƙauyenku kuma an kafa allo, kwafe abin da ke jiki: sunan aikin, da kuɗinsa, da ranar gamawa. Kada ka rubuta abin da ka ji, rubuta abin da ka gani. Ka nemi ƴan ajinku na yaƙi da jahilci, maza da mata, su ma su yi haka, don mutum goma sun fi mutum ɗaya wuyar kora. Mata su ne suka fi kasa kaya a kasuwa, su ne suka fi sanin ranar da aka hana tikiti.

Sannan ku tafi wurin mai gari da littafinku, ku roƙe shi ya raka ku ofishin komin. Ku yi tambaya cikin ladabi, ku nemi a nuna maku kasafin shekara. A 2011 an yi dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman ganin takardun hukuma. In ba ku gamsu ba, ku rubuta ma perfe. In abin ya kai sata a fili, akwai jandarma, akwai mai shigar da ƙara na gwamnati. Kowace wasiƙa za ku kai, ku rubuta ta kashi biyu. Ku ba da ɗaya, ku nemi a buga ma ɗayar hatimi da kwanan wata, ku komo da ita gida ku aje tare da tikitocinku.