Aikin Dare A Withington: Kada Neman Halal Ya Cinye Mai Nema

Da ƙarfe 7 na safe a watan Disamba, gari bai waye ba tukuna a Withington, unguwar da ke kudancin Manchester. A bakin titin Wilmslow Road, kusa da asibitin masu ciwon daji na The Christie, za ka tarar da mutane kashi biyu suna jiran bas: masu fita aiki, da waɗanda suka kwana a tsaye suna neman hanyar gida. A kashi na biyun ba a rasa namu: ma'aikatan jinya, masu kula da tsofaffi, masu gadi, da ɗalibai masu haɗa karatu da aiki. Haka abin yake a Birmingham, a kewayen asibitin Queen Elizabeth da manyan ɗakunan ajiyar kaya na bayan gari.

Ka tambayi ɗayansu ya aiki, zai ce maka da godiya. Amma jiki magayi. Wanda ya kwanta da hantsi ya farka da la'asar, zai tarar rana ta kusa faɗuwa, domin a wannan wata kafin ƙarfe 4 take faɗuwa a Manchester. Sai a yi mako bai ga hasken rana ba, bai zauna da iyalinsa ba. Daga nan ciwon baya, rashin barci, saurin fushi da ƙuncin da bai san dalilinsa ba su fara bin sa.

Wannan ba raunin imani ba ne, kuma ba mu kaɗai yake samu ba. Hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 zuwa 2023 ma'aikata 875,000 ne suka yi fama da matsin tunani, damuwa ko fargaba saboda aiki, aka kuma yi asarar ranakun aiki miliyan 17.1. Bambancinmu da 'yan ƙasa shi ne mun fi su dalilin yin shiru. Tun daga Fabrairun 2022 da aka buɗe biza ga masu kula da tsofaffi, da yawa sun zo da takardar da ke ɗaure da kamfanin da ya ɗauke su, don haka suna tsoron cewa a'a. Ɗalibi kuma an ƙayyade masa awa 20 a mako lokacin karatu, sai ya zaɓi dare don kada ya rasa aji. Ga haya, ga 'yan uwa a gida suna jiran aike.

Sai dai doka ba ta ware baƙo ba. Dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 1974 ta ɗora wa mai aiki nauyin kare lafiyar ma'aikacinsa, har da ta ƙwaƙwalwa. Dokokin lokutan aiki na 1998 kuwa sun fayyace: idan aikinka ya wuce awa 6, kana da hutun minti 20 ba tare da katsewa ba, tsakanin tashi da komawa aiki, awa 11, a mako, kada ya wuce awa 48 idan aka yi matsakaicin lissafi, sai in kai ka sa hannu ka yarda, kuma kana iya janye yardar. Mai aikin dare yana da haƙƙin a duba lafiyarsa kyauta. Hutun shekara da albashi mako 5.6 ne, wato kwana 28 ga mai aiki kwana 5 a mako. In rashin lafiya ya kwantar da kai, ba ka buƙatar takardar likita sai ka wuce kwana 7.

Waɗannan haƙƙoƙi ba kyauta aka same su ba. A nan Manchester, garin masaƙu, aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta TUC a 1868. Wanda ya ƙi ɗaukar hutunsa don kunya, ya bar abin da wasu suka sha wahala a kai.

To, me za a yi? Ka riƙa rubuta awoyin da ka yi da hutun da aka hana ka. Ka yi wa shugabanka magana a rubuce, cikin ladabi. In ba a ji ba, hukumar sasanta rikicin aiki ta Acas tana ba da shawara kyauta kuma a sirrance, ƙungiyoyi irin su UNISON suna tsaya wa mambobinsu. Ta fuskar jiki, NHS tana ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D, maikurogiram 10 kullum, duk shekara. Ka sa labule mai kauri a ɗakin barci, ka rage shayi da gahawa gab da tashi aiki, ka auna jininka a kyamis ko wurin likita.

Idan ƙuncin ya daɗe, shirin NHS Talking Therapies yana karɓar mutum kai tsaye ba sai likita ya tura shi ba. In abin ya yi tsanani, kira 111 ka zaɓi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ko Samaritans a 116 123, dare ko rana, kyauta. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne.

Sauran aikin namu ne. In ka haɗu da ɗan uwa bayan Juma'a ya ce lafiya lau, alhali idanunsa sun yi ja, kada ka tsaya a gaisuwa. Ka tambaye shi rabonsa da barcin kirki, da yaushe ne hutunsa na gaba. Waɗanda ke jiran aikenka a gida sun fi buƙatar ka da kanka, domin ranar da jiki ya ƙi, aiken ma ya tsaya.