Ƙa'idojin Mallakar Sashen Bene Ga Baƙi A Ƙasar Tailan

Birnin Bankok na ƙasar Tailan yana daga cikin wuraren da 'yan kasuwar Nijeriya suka daɗe suna zuwa sarin tufafi da takalma da kayan ƙawa. Wanda zirga-zirgarsa ta yawaita yakan lissafa abin da yake kashewa a otal kowace shekara, ya ga gara ya sayi wurin kansa. Dokar ƙasar ta ba shi wannan dama, amma bisa sharuɗɗa waɗanda saɓa wa guda ɗaya daga cikinsu kan iya hana a rubuta sunansa a takardar mallaka, ko da ya biya kuɗi cif.

Tushen al'amarin shi ne dokar ƙasa ta 1954 ta hana baƙo mallakar fili a Tailan, in ban da wasu 'yan keɓantattun hanyoyi da suka shafi manyan masu zuba jari. Abin da aka yarda ya saya da sunansa shi ne sashe a cikin dogon bene wanda aka yi wa rajista a matsayin ginin tarayya, wato abin da ake kira kondominiyam. A irin wannan gini kowa yana da takardar mallakar sashensa, sa'an nan fili da matakala da lif da wurin ajiye motoci na kowa da kowa ne. Ba kowane bene ne yake da wannan rajista ba. Akwai gine-ginen da a ido ba su da bambanci da shi, amma haya kaɗai ake iya yi a cikinsu.

Dokar da ke tafiyar da wannan harka an kafa ta ne a 1979. A 1991 aka yi mata gyara aka bai wa baƙi damar mallakar kashi 40 cikin ɗari na gini, sa'an nan a 1999, bayan durƙushewar tattalin arzikin ƙasashen Asiya ta 1997, aka ɗaga adadin zuwa kashi 49. Ana auna wannan kaso ne da faɗin wuri, ba da yawan sassa ba. Misali, idan jimillar sassan gini murabba'in mita 10,000 ce, baƙi gaba ɗayansu ba za su wuce 4,900 ba. A 2024 gwamnati ta nemi a nazarci ɗaga kason zuwa 75, abin ya jawo ka-ce-na-ce, kuma ofisoshin ƙasa sun ci gaba da aiki da 49. Saboda haka kafin a biya kafin alƙalami, wajibi ne a nemi wasiƙa daga hukumar gudanarwar ginin da ke tabbatar da cewa kason baƙi bai cika ba.

Sharaɗin da ya fi shafar ɗan kasuwar Nijeriya shi ne na hanyar shigar da kuɗi. Baƙon da ba shi da izinin zama na dindindin tilas ne ya nuna cewa cikakken kuɗin sayen ya shigo ne daga waje, a kuɗin ƙasashen waje kamar dala, kuma bankin Tailan ne ya canza shi zuwa bat, kuɗin ƙasar. Idan adadin ya kai dala 50,000 ko fiye, bankin zai bayar da takardar shaidar musayar kuɗi. Idan bai kai ba, sai ya bayar da wasiƙar tabbaci. Sunan mai saye ya fito a takardar daidai da yadda yake a fasfo, a kuma rubuta cewa an aiko kuɗin ne don sayen sashen bene.

A nan ne al'adar kasuwa ke karo da doka. Fatake da yawa sun saba miƙa naira ga ɗan canji a Wapa ta Kano ko a Abuja, su karɓi kuɗin gida a hannun wakilinsa can inda za su yi sari. Wannan hanya tana iya biyan dillalin kaya, amma ba ta haifar da takardar banki, kuma ofishin ƙasa ba ya yin rajista sai da ita. Bugu da ƙari, dokar Nijeriya ta 2022 kan hana halatta kuɗin haram ta wajabta wa mai fita da tsabar kuɗi fiye da dala 10,000 ya bayyana su ga jami'an kwastan. Takardar bankin nan kuwa a adana ta da kyau, domin ita za a nema ranar da aka sayar da sashen ana son fitar da kuɗin.

Ranar rajista, ɓangarorin biyu ko wakilansu masu takardar wakilci za su hallara a ofishin ƙasa da fasfo, da takardar banki, da wasiƙar kaso, da kuma shaidar cewa babu bashin kuɗin hidima a kan sashen. Kuɗin sauya suna kashi 2 ne cikin ɗari na ƙimar da hukuma ta yi wa wurin. Akwai harajin kasuwanci na kashi 3.3 idan mai sayarwa bai cika shekara biyar da mallaka ba, in kuwa wannan bai hau ba sai a biya kuɗin hatimi na rabin kashi ɗaya, ga kuma harajin riba da ake cirewa nan take. Wa zai biya wanne, wannan abin ciniki ne, kuma ya kamata a rubuta shi ƙarara a yarjejeniya. Takardun duka da harshen Tailan ake rubuta su, shekarunsu ma na kalandar Budda ne wadda ta ɗara ta Miladiyya da shekara 543, don haka ɗaukar lauya mai zaman kansa, wanda ba kamfanin ginin ne ya kawo shi ba, bai zama almubazzaranci ba.

Idan kason baƙi ya cika, dillalai kan kawo shawara iri biyu. Ta farko ita ce haya mai dogon zango, wadda doka ta ƙayyade iyakarta shekara 30. Alƙawarin sabuntawa da ake yi tun farko ba abin dogaro ba ne a gaban kotu. Ta biyu ita ce kafa kamfani da sunayen 'yan ƙasa na jeka-na-yi-ka domin a saya a kasonsu. Wannan laifi ne a ƙarƙashin dokar kasuwancin baƙi ta 1999, kuma hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara uku ko tarar bat miliyan ɗaya.

Mai sayen ginin da ba a kammala ba yana ɗauke da ƙarin haɗari. A Dubai, tun 2007 doka ta tilasta wa masu gini ajiye kuɗin masu saye a wani asusu na musamman. A Tailan kuwa irin wannan asusu ganin dama ne. Kazalika mallakar sashe ba ta zama izinin zama a ƙasar, sai an nemi biza daban, kuma bayar da hayar ƙasa da kwana 30 ba tare da lasisin otal ba ya saɓa wa dokar 2004.

Batun gado ma yana buƙatar tunani tun da wuri. Magajin da yake baƙo, idan bai cika sharuɗɗan da doka ta gindaya wa baƙi ba, an ba shi kwana 60 ya sanar da hukuma, da shekara guda ya sayar da sashen. Idan wa'adin ya wuce bai sayar ba, shugaban ma'aikatar ƙasa yana da ikon sayar da shi a madadinsa.