Neman Takardun Shari'ar Iyali a Tamale

Takardun shari'ar iyali a Tamale ba su da ma'ajiya guda. Hukuncin ciyar da yara yana wani ofishi, shaidar ɗaurin aure tana wani, izinin kula da dukiyar mamaci yana wani daban, waɗanda suka tsufa kuma sun koma gidan adana tarihi. Mazaunin Dungu, unguwar da ke kudancin birnin a kan hanyar Kumasi inda jami'ar UDS take da hedikwatarta, idan buƙatar irin wannan takarda ta taso masa sai ya shiga cikin gari. Abin da ya kamata ya tantance kafin ya bar gida shi ne ƙofar da maganar ta shiga tun farko, domin takarda tana zama ne a inda aka rubuta ta.

Masu wannan nema suna da yawa. Akwai bazawarar da za ta sake aure aka ce ta kawo shaidar mutuwar aurenta na farko, da matar da mijinta ya rasu tana bin haƙƙinsa a hukumar fansho ta SSNIT ko a banki, da uwar da uban 'ya'yanta ya daina ba da kuɗin da kotu ta yanka masa, da ɗalibin da ofishin jakadanci ya nemi ya nuna wanda yake riƙonsa a hukumance. Dukansu takarda mai hatimi ake nema a hannunsu, shaidar baki ba ta wadatarwa.

Ghana ba ta da kotun shari'ar Musulunci irin ta Kano ko Sakkwato, ko da yake mafi yawan mutanen Tamale Musulmi ne. Tsarin kotuna guda ne a ƙasar baki ɗaya, bisa tsarin mulkin 1992 da Dokar Kotuna ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2002. A ƙasa akwai kotun gunduma, wadda majistare yake shugabanta, sai kotun da'ira, sai Babbar Kotu, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli. Ukun farko duk suna zama a Tamale, kuma dukansu suna da hurumin raba aure da ba da izinin kula da gado, gwargwadon girman dukiyar da ake magana a kai. Kowace kotu tana da ofishin magatakardanta, kowane ofishi kuma fayilolin kotunsa kaɗai yake riƙewa. Wanda aka raba aurensa a kotun da'ira, in ya je ofishin Babbar Kotu, gaskiya za a gaya masa cewa babu sunansa a can.

Abin da ake kira Kotun Iyali kotun gunduma ce da ta sauya zama. Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, ita ta tsara ta: majistare yana zaune tare da wasu mutum biyu zuwa huɗu, ɗaya daga cikinsu jami'in jin daɗin jama'a ne. Aikinta tabbatar da uban yaro, da yanke wanda zai riƙe shi, da lokacin da ɗaya iyayen zai riƙa ganinsa, da kuɗin ci da sha da makaranta da magani. Yaro a wannan doka shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Ana yin zaman a wani ɗaki dabam, ko a wata rana dabam da ta sauran shari'u, ba a kuma barin kowa ya shiga sai masu ƙara da lauyoyinsu da shaidu da iyaye da jami'an da abin ya shafa. Dokar ta hana wallafa duk wani bayani da zai sa a gane yaron, sai da izinin kotun.

Wannan sirri yana bin fayil har bayan an gama shari'a. Uba ko uwa da sunansu yake cikin ƙarar suna da damar karɓar kwafin hukunci, haka lauyan da ya tsaya musu. Kawu ko kishiya ko sabon miji da yake son sanin abin da ya gudana ba shi da wannan dama don kawai yana dangi. Mutane da yawa suna jin zafin wannan, musamman a gidajen da baffa ko kaka ke ɗauke da nauyin yaro a zahiri, amma hikimar a fili take: a fayil ɗin akwai rahoton jami'in jin daɗin jama'a kan halin gida, wani lokaci da sakamakon gwajin jini, abubuwan da in suka fita unguwa za su bi yaro har girmansa. Wanda yake da dalili na gaske, kamar mai riƙon maraya, hanyarsa ita ce ya rubuta wa kotun ya bayyana dalilin, majistare ya duba.

Shari'ar raba aure tana tafiya ne bisa Dokar Al'amuran Aure ta 1971, mai lamba 367, wadda ta san dalili ɗaya tak, wato aure ya lalace har sulhu ya gagara. An yi dokar ne don auren mace ɗaya, amma ta buɗe ƙofa ga mai auren gargajiya ko na Musulunci ya kai ƙara in ya so, kuma ta ba alƙali ikon sauraron maganar a keɓe. Wasu hukunce-hukuncen kotunan Ghana suna fitowa kyauta a shafin GhaLII na intanet, sai dai abin da aka sauke daga can na karatu ne, babu ofishin da zai karɓe shi a matsayin shaida.

Mabuɗin kowane fayil lambar ƙara ce. Tana rubuce a saman sammaci, da kan rasiɗin kuɗin shigar da ƙara, da kan duk takardar da ma'aikacin kotu ya taɓa kawowa gida. Mai lamba a hannu ya gama rabin aiki. Wanda ya ɓatar da ita sai ya zo da cikakkun sunayen ɓangarorin biyu da shekarar da aka shigar da ƙara, a bi babban littafin rajista layi-layi. A nan ne rubutun suna yake ba da wahala, domin akawu yana rubuta abin da kunnensa ya ji: Fuseini da Husaini, Alhassan da Alasan, Mahama da Muhammad, duk suna iya zama mutum ɗaya. Yana da kyau mai nema ya faɗi duk yadda aka saba rubuta sunansa, ya kuma riƙe katin ɗan ƙasa.

Daga nan sai a rubuta wa magatakarda takardar neman kwafi, a faɗi sunan shari'ar da lambarta da ainihin abin da ake so. Abubuwa uku ne mutane suke haɗawa alhali dabam suke: umarnin kotu, wanda gajere ne kuma shi ofisoshi suka fi nema, cikakken hukunci mai ɗauke da dalilan alƙali, da bayanin zaman shari'a daga farko zuwa ƙarshe. Na ukun shi ya fi cin lokaci, saboda a ƙananan kotuna majistare da hannunsa yake rubuta abin da ake faɗa a cikin littafi, sai an buga shi an duba kafin a sa hannu. Magatakarda zai ƙiyasta kuɗi gwargwadon yawan shafuka, a biya a wurin karɓar kuɗi na kotu, a karɓi rasiɗi. Kuɗin da aka miƙa wa wani a baranda ba tare da rasiɗi ba bai shiga lissafin kotu ba. Kwafin da ya halatta shi ne mai hatimin kotu da sa hannun magatakarda da ke tabbatar da cewa daidai yake da na asali.

Lokaci yana da muhimmanci ga mutum biyu. Mai son ɗaukaka ƙara daga kotun gunduma zuwa Babbar Kotu yana da wata uku daga ranar hukuncin ƙarshe, don haka bai kamata ya zauna jiran a gama buga takardu kafin ya shigar da sanarwarsa ba. Uwar da aka yanka wa kuɗin ciyarwa kuma tana iya komawa kotu neman a tilasta biya bayan kwana 30 da lokacin biyan ya yi, kuma umarnin da ke hannunta shi ne hujjarta. Wanda zai kai takarda ƙasar waje yana da ƙarin tafiya zuwa Akara, inda ofishin Sakataren Shari'a zai tabbatar da sa hannun, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga nata hatimi.

Babbar matsalar ba a ofishin magatakarda take ba. Mafi yawan rigingimun gida a Dungu da sauran unguwannin Tamale ba su taɓa shiga kotu ba. Dattawan zuri'a ne suke zama a kansu, ko liman, ko a kai su fadar sarki, a sasanta a watse ba a rubuta komai ba. Doka ta yarda da wannan hanya: Dokar Sarauta ta 2008 ta amince sarki ya yi sulhun gargajiya in ɓangarorin biyu sun yarda, Dokar Sasanta Rigingimu ta 2010 kuma ta ba da damar a rubuta abin da aka yanke a kai shi kotu a yi masa rajista. Kaɗan ne suke yin wannan mataki na ƙarshe. Haka kuma yarjejeniyar da aka ƙulla a ofishin jin daɗin jama'a, ko a sashen 'yan sanda na DOVVSU mai kula da cin zarafi a gida, ko a hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, tana cikin fayil ɗin wannan ofishin, can za a neme ta, kuma ba ta da ƙarfin umarnin kotu.

Aure kansa yana da irin wannan giɓi. Dokar auren Musulmi ta 1907, wadda yanzu take cikin haɗaɗɗiyar Dokar Aure, ta ce a yi wa aure rajista cikin mako ɗaya da ɗaura shi, a gaban mai rajista na gunduma, tare da ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisin gwamnati. Saki kuma cikin wata ɗaya. In wa'adin ya wuce sai an nemi izinin Babbar Kotu. Mako ɗaya bai ishi gidan da ake tsakiyar biki ba, limamai masu lasisi kuma ba su da yawa, shi ya sa auren Musulmi da yawa a Ghana ba su da wannan rajista, kotuna kuma sukan ɗauke su a matsayin auren gargajiya. Takardar da masallaci ya bayar tana da amfani a matsayin shaidar cewa an ɗaura aure, amma ba ita dokar take nufi ba. Doka ce ta zamanin mulkin mallaka da ta daɗe tana buƙatar gyara, kuma mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarta, domin su ake tambaya shaida ranar da miji ya rasu. Auren gargajiya yana da tasa dokar rajista ta 1985, wadda gyaran 1991 ya mayar da ita ganin dama. Ga mutumin Dungu, ana neman waɗannan rajistoci a ofishin Majalisar Birnin Tamale. Takardar haihuwa da ta mutuwa kuma na hukumar rajistar haihuwa da mutuwa ne.

Fayilolin gado sun fi na yara buɗewa. Iyalai da yawa malamai suke kira su raba musu bisa ƙa'idar Musulunci, amma banki ko ofishin filaye ba zai saki dukiyar mamaci ba sai da izinin kula da gado daga kotu, kuma idan rigima ta kai gaban alƙali, dokar gado ta 1985, mai lamba 111, ita ake bi ga wanda bai bar wasiyya ba, ko wane addini yake yi. Kafin a ba da izinin ana liƙa sanarwa ta kwana 21 a kotu da gidan da mamacin ya zauna, don mai ƙorafi ya fito. Magajin da yake zargin wani ya karɓi izini a ɓoye yana iya shigar da takardar bincike, magatakarda ya amsa masa a rubuce ko an nemi izini a kan wannan suna. Wasiyya kuma, bisa dokar 1971, ana iya ajiye ta a rufe a Babbar Kotu tun mai ita yana raye, don haka can ake fara tambaya.

Wanda ba shi da kuɗin lauya yana da Hukumar Taimakon Shari'a, wadda take da ofishi a Tamale kuma al'amuran ciyarwa da riƙon yara da gado suna cikin aikinta na yau da kullum. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2019 ta wajabta wa hukumomin gwamnati amsa buƙata cikin kwana 14, sai dai ta keɓe bayanan da suka shafi sirrin wani mutum, saboda haka ba ta buɗe fayil ɗin Kotun Iyali ga baƙo.

Tsofaffin takardu suna hannun hukumar adana takardun gwamnati ta PRAAD, wadda dokar 1997 ta kafa a madadin tsohuwar ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, kuma tana da reshe a Tamale. Turawan Ingila sun kafa Yankunan Arewa a 1902, suka mayar da hedikwata daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, a shekarun 1930 kuma suka ba kotunan sarakuna hurumin aure da gado, har zuwa 1958 da aka maye gurbinsu da kotunan gwamnati. Rubuce-rubucen wancan zamani sun rabu tsakanin Tamale da Akara, kuma ƙa'ida ita ce ana buɗe takarda ga jama'a bayan shekara 30. Ɗakin Karatu na Birtaniya, ta shirinsa na ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, ya ɗauki nauyin ɗaukar hoton wani ɓangare na abin da ke Tamale, ana iya duba shi a intanet. Mai neman shari'ar kakansa a can zai buƙaci sunan gunduma kamar yadda take a lokacin, da kimanin shekarar da abin ya faru, domin an jera takardun ne bisa ofishin da ya rubuta su, ba bisa sunayen mutane ba.