Sosej Ɗin Ingila, Abincin Da Ba Ya Jure Tafiya

Duk wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar mota cikin cunkoson Ikko ko Kano ya sayi Gala, to, ya riga ya ɗanɗani wani reshe na abincin da muke nufin bayaninsa, domin wannan naɗin fulawa mai niƙaƙƙen naman shanu a ciki, wanda kamfanin UAC ya fara sayarwa a 1962, daga al'adar Ingilishi aka samo shi. Shi kuwa sosej ɗin kansa, nama ne da ake niƙawa tare da kitse da gishiri da kayan yaji, a ɗura cikin wankakken hanji, sa'an nan a bi hanjin ana murɗewa gaɓa-gaɓa. Wajibi ne mu faɗa tun da fari cewa galibin na Ingila da naman alade ake yinsa, wanda haramcinsa ga Musulmi nassi ne da ba ya bukatar dogon sharhi. Amma sanin abin da wata al'umma take ci, da dalilin da ya sa take begensa in ta yi nisa da gida, ilmi ne mai fa'ida, balle ga ɗalibanmu da fatakenmu da suke zirga-zirga can.

Abin da ya raba sosej ɗin Ingila da galibin na maƙwabtansu shi ne burodi. Mahaucin Ingila, bayan ya niƙa namansa, sai ya kawo garin wani busasshen burodi marar yisti wanda aka gasa musamman domin wannan aiki, ya jiƙa shi da ruwan sanyi, ya cuɗa da naman har su zama abu guda. Hikimar wannan gari ita ce, sa'ad da zafi ya narkar da kitse, maimakon man da romon su tsiyaye cikin kasko su bar naman a bushe, sai garin ya shanye su ya riƙe, shi ya sa in aka yanka sosej ɗin Ingila sai a tarar da cikinsa da taushi da danshi, alhali na Jamus yana da tauri da ƙarfin tauna. Mutanen Turai da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin algus, suna cewa Ingilishi burodi suke ci da sunan nama. A ganina hukuncin ya yi tsauri, domin tun cikin littafin girki na Isabella Beeton na 1861 akwai garin burodi a haɗin sosej ɗin Oxford, tun kafin wata larura ta tilasta shi.

Sai dai adalci shi ne a yarda cewa masu zargin suna da hujja. A zamanin yaƙin duniya, musamman na biyu, lokacin da hukuma ta ƙayyade wa kowa rabonsa na nama daga 1940 har zuwa watan Yuli na 1954, mahauta suka yi ta ƙara gari da ruwa suna rage nama, har ya zamana in an jefa sosej cikin mai sai ruwan ya tafasa, fatar ta fashe da ƙara. Yaƙi ya ƙare, amma ɗabi'ar arha ba ta ƙare ba. Har yau dokar Birtaniya ta yarda a kira abu sosej ɗin alade matuƙar naman da ke ciki ya kai kashi 42 cikin 100, na shanu kuwa kashi 30. Wannan mizani, a gaskiya, ya yi ƙasa ƙwarai, kuma shi ne ya zubar da mutuncin sana'ar a idon baƙi, domin a Afirka ta Kudu doka ba ta yarda a sayar da nasu mai suna boerewors ba sai namansa ya kai kashi 90.

Wanda yake son ganin sana'ar a kan asalinta sai ya bar manyan kantuna ya nufi lardi. A Cumberland, can arewa maso yammacin Ingila, ba a murɗe sosej gaɓa-gaɓa. Dogo ake barinsa, a nannaɗe shi ya yi gammo, a soke da tsinke biyu don kada ya warware a wuta. Ba a niƙa namansa ya yi laushi, masoro baƙi da fari shi ne jigon yajinsa, kuma tun 2011, da aka ba shi kariyar suna, ba mai ikon kiran nasa na gargajiyar Cumberland sai an yi shi a yankin kuma namansa ya kai kashi 80. Ma'abota girki ba sa yi masa gaggawa: wuta kaɗan, mai kaɗan, ba a huda fatar, ana juyawa a hankali har ta yi ja ta soma danƙo, sa'an nan a ɗora shi bisa dakakken dankalin Turawa, a kwarara romon albasa. Mutanen Lincolnshire ganyen wani tsiro mai ƙamshi da suke kira sej suke zubawa cikin nasu. Na Lorne a Sikotilan ba shi da fata ma sam, yanka shi ake yi falle-falle mai kusurwa huɗu.

To, a nan ne mas'alar tafiya ta shigo. Salami na Italiya da chorizo na Sifen, gishiri da iska da tsawon lokaci sun riga sun busar da su, sha'aninsu sha'anin kilishi ne, wanda matafiyi zai jefa a jaka ya yi makonni bai damu ba. Na Ingila kuwa ɗanye ne, ga ruwa, ga gari, kwanaki kaɗan yake yi ko a cikin firij. Ƙari a kan haka, hukumomin ƙasashe suna tsoron cututtukan dabbobi da nama yake ɗaukowa, kuma Birtaniya da kanta ta san ɗacin abin, tun da a 2001 cutar baki da kofato ta sa aka hallaka dabbobi fiye da miliyan shida a ƙasar. Saboda haka Amurka da Ostareliya suke tsananta bincike a kan duk naman da fasinja ya shigo da shi.

Da Birtaniya ta gama fita daga Tarayyar Turai, tun daga 1 ga Janairu 2021, sai ƙofar da ta fi kusa ma ta rufe. Aka hana matafiyi shiga ƙasashen Tarayyar da nama ko kayan madara daga Birtaniya, har jami'an kwastan na Holan suka riƙa karɓe burodi mai nama daga hannun direbobi. 'Yan kasuwa kuma aka ce ba za su shigar da ɗanyen sosej ba sai daskararre. Da yake Ailan ta Arewa, wadda sashe ce ta Birtaniya, ta ci gaba da bin dokokin kasuwar Tarayyar, sai aka wayi gari cikin watan Yuni na shekarar hukumomin Birtaniya da na Tarayyar suna jayayya a kan ko sosej zai iya ƙetara teku daga wani sashen ƙasa zuwa wani sashenta, kuma ba a sami maslaha tabbatacciya ba sai da yarjejeniyar Windsor ta watan Fabrairu 2023.

Baturen Ingila da yake zaune a waje, ke nan, in marmari ya taso masa, ko dai ya haƙura da daskararre, ko ya nemi wanda yake yinsa a inda yake. A birnin New York akwai wani kanti mai suna Myers of Keswick, wanda aka buɗe a 1985, yana haɗa sosej irin na Cumberland a nan cikin gari. Waɗansu kuma injin niƙa suke saye, su gasa garin burodin da hannunsu, domin mahaucin Jamus ko na Faransa, komai gwanintarsa, galibi ba zai yarda ya zuba gari cikin namansa ba.

Musulmin da ya sauka Ingila ba a bar shi a baya ba, domin a Bradford da Birmingham da Landan mahautan halal suna yin sosej na shanu da na rago da na kaza bisa wannan tsari, ga kuma merguez na Arewacin Afirka, siriri, ja wur da barkono. Amma akwai shubuha guda wadda mutane da yawa suke gafala da ita, watau fatar da aka ɗura naman a ciki: sau da yawa hanjin alade ne, ko da abin da ke ciki naman shanu ne zalla. Don haka, ya kai mai karatu, in ka tsaya gaban mahaucin da ba ka sani ba, kada ka wadatu da tambayar naman da yadda aka yanka shi. Ka tambaye shi hanjin wace dabba ce, in kuma cikin leda yake, ka karanta jerin abin da aka haɗa kafin ka biya.