KULA DA MASU TAƁIN HANKALI: DARASIN ƘAUYEN ARO

Cikin dukan ayyukan da ke wuyan Ma'aikatar Lafiya, babu wanda ya fi shige wa jama'a duhu kamar kula da masu taɓin hankali. In mutum ya karye, kowa ya san inda za a kai shi. In haihuwa ta zo wa mace da gardama, kowa ya san hanyar asibiti. Amma ran da saurayi ya tashi cikin dare yana sambatu, yana neman ɓalle ƙofa ya fita, sai gida duka ya rikice. Waɗansu su ce a kawo igiya, waɗansu su ce a kira mai magani, waɗansu kuwa ba abin da ya dame su sai kada maƙwabta su ji. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda ya kamata hukuma ta tsara wannan aiki, tun daga wannan dare har ran da majinyaci zai koma gida ya kama sana'arsa.

YADDA AKA FARO

A zamanin Turawa ba magani aka fi nufi ba, tsarewa aka nufa. An buɗe gidan mahaukata a Kalaba, aka kuma buɗe wani a Yaba ta Ikko a 1907. A 1916 aka kafa dokar mahaukata, wadda aka sake tsarawa a 1958. Dokar nan ta ba majistare iko, in likita ya ba da shaida, ya sa a tsare mutum, amma ba ta damu da yardarsa ba, balle yadda zai warke. A lardunan Arewa kuwa, wanda ya gagari danginsa sau da yawa gidan yari ake kai shi, ya zauna tare da ɓarayi alhali bai ɗauki kayan kowa ba. Wanda ya rage a gida, turu da mari su ne rabonsa.

Ba mugunta kaɗai ta jawo haka ba, rashin magani ma ya taimaka. Sai a 1952 ne likitocin Faransa suka fara aiki da wani magani mai suna Largactil, wanda yakan kwantar da mai zafin ciwo har a iya zama da shi a yi magana. Daga nan ne aka fara tunanin cewa ba dole ne a kulle mutum har ƙarshen ransa ba.

ABIN DA AKA YI A ARO

A 1954 wani likita Bayarabe, Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya yi karatu a Ingila, ya karɓi ragamar asibitin Aro kusa da Abekuta. Ya tarar ginin asibitin bai ƙare ba, ga majinyata kuwa suna ta zuwa. Maimakon ya zauna jiran magina, sai ya tafi wurin dattawan ƙauyukan da ke kewaye, ya roƙe su su ba majinyata masauki cikin gidajensu, a riƙa biyansu kuɗin haya. Ya kuma kafa sharaɗi: kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwansa, ko uwa, ko 'yar'uwa, ko inna, wanda zai dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya rako shi asibiti da safe, ya koma da shi masauki da yamma.

Mutanen ƙauye ba a banza suka yarda ba. Asibiti ya taimake su da ruwan sha mai tsabta da gyaran gari, ya ba su rance su ƙara ɗakuna, waɗansunsu kuma suka sami aiki. Aka ajiye ma'aikatan jinya cikin ƙauyen dare da rana, domin in ciwon wani ya motsa a same su nan take. Har masu maganin gargajiya Dokta Lambo bai kore su ba. Ya jawo waɗansunsu jika, domin ya san wurinsu mutane ke fara zuwa, su ne kuma ake jin maganarsu.

Amfanin wannan dabara a fili yake. Majinyaci bai rabu da abincin da ya saba ba, bai rabu da harshensa ba, yana ganin yara suna wasa, yana zuwa gona da kasuwa. Ɗan'uwan da ya rako shi kuwa ya koyi yadda ake ba da magani, ya kuma gane alamun da ke nuna ciwo zai dawo. Kuɗin da hukuma ta kashe bai kai na kwantar da mutum a gado ba. Labarin Aro ya bazu, har a 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta, shi kuwa Dokta Lambo daga baya ya zama Mataimakin Babban Darakta na Hukumar Lafiya ta Duniya. Can Sudan ma, Dokta Tijjani al-Mahi ya bi hanya mai kama da wannan, yana aiki tare da shehunan da mutane ke kai musu marasa lafiya.

INA AKA KWANA?

Yanzu a Arewa akwai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ban da sassan da ke cikin asibitocin koyarwa. Amma mai karatu ya auna nisan da ke tsakanin waɗannan wurare da ƙauyensu. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta sha faɗa cikin 'yan shekarun nan cewa ba su wuce 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, yawancinsu kuma a manyan birane suke. To, wanda hanya ta yi masa nisa, ina zai kai ɗansa? Amsar ta fito a watan Satumba na 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane wajen 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Iyaye da yawa da hannunsu suka kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje, ba don ƙiyayya ba, sai don ba su ga wata ƙofa a buɗe ba.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ta tanadi a kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusu don wannan aiki, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na mutunci da na a nemi yardarsa. Doka ce mai kyau. Amma doka ba ta tuƙa mota cikin dare, ba ta kuma zuba magani a kanti. Wannan aikin masu riƙe da hukuma ne.

DAREN TASHIN HANKALI

Abu na farko da ke kan hukuma shi ne taimakon gaggawa. Ya kamata kowane gida ya san wanda zai kira, wanda aka kira kuma ya san abin da zai yi. Akwai lambar waya ta gaggawa, watau 112, amma amfaninta ga mai wannan ciwo ya rataya ne ga ko an koya wa masu amsawa yadda za su haɗa shi da ma'aikacin jinya. 'Yan sanda su ma suna bukatar horo, domin su gane cewa mai sambatu a bakin titi majinyaci ne, a yi masa magana a hankali, kada a taru a kansa da kulki.

Sa'an nan kowane babban asibiti na gari ya keɓe 'yan gadaje don wannan lalura. Dalili kuwa, ba duk wanda ya fita hayyacinsa ne mai ciwon hauka ba. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da sanƙarau, da zazzaɓin taifot, da farfaɗiya, duk suna iya rikita mutum. Haka mai jego takan rikice 'yan kwanaki bayan haihuwa. Haka kuma mai shan ƙwaya irin su tiramol, ko maganin tari mai kodin wanda Gwamnati ta hana a 2018. In aka ɗauki mai sanƙarau aka ɗaure shi da sunan aljanu, ko aka yi doguwar tafiya da shi ba a auna jininsa ba, ana iya rasa shi a hanya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, ba ta kuwa ware mai taɓin hankali ba.

AIKIN SHUGABAN ASIBITI

Shugaban asibitin ƙwaƙwalwa ba da yawan waɗanda ya kwantar za a auna shi ba, sai da yawan waɗanda suka koma gida ba su dawo ba. Wajibi ne ya riƙe littafi, ya san wanda ya shekara a gado da dalilin zamansa, domin akwai waɗanda sun warke tuni amma dangi sun gudu sun bar su. In larura ta sa aka riƙe wani don kada ya ji wa kansa ko waninsa rauni, a rubuta wanda ya ba da izini, da lokacin da aka fara, da lokacin da aka sake shi. Abin da ba a rubuta ba, shi ke zama zalunci a ɓoye. Ya kuma kula da ma'aikatansa, gama aikin nan yana cin rai, wanda ya gaji kuwa ba ya haƙuri.

Babban abin da ke mai da aiki baya shi ne yankewar magani. Mutum ya sami sauƙi, ya koma ƙauye, maganin wata guda ya ƙare, kuɗin mota ya gagara, bayan wata uku a dawo da shi a ɗaure. Ga shi kuwa akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata, wadda malamin asibitin ƙauye zai iya yi in an koya masa. Tun 1991 Gwamnatin Nijeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, a 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ƙananan ma'aikata gane waɗannan cututtuka da yi musu magani. Mu da muka san aikin horon malamai mun san cewa kwas na mako guda ba ya mai da mutum gwani, sai ana zagayawa ana duba aikinsa. Saboda haka likitan babban asibiti ya fita rangadi, kada ya zauna jiran a kawo masa.

SAURA GARE MU

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hakimai da dagatai da masu unguwa sun san gidan da aka ɗaure mutum a ɗaki. Limamai ana jin maganarsu, in sun ce addu'a da magani ba sa faɗa da juna, mutane za su yarda. Malaman makaranta su ne ke fara lura da yaron da ya daina magana ko ya fara ware kansa. In hukuma ta zauna da waɗannan, kamar yadda aka zauna da dattawan Aro, ta gaya musu ƙofar da za su buga, to rabin aiki ya ƙare.

Ba a ce kowane gari ya kwaikwayi Aro daki-daki ba, gama zamani ya sake, ƙauyukan ma birni ya cinye su. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Ciwon nan ba ya zaɓen gida, wanda kuwa aka ɗaure yau ɗan wani ne, uban wani ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, amin.