Abubuwan da ya kamata ka sani game da tsara jaruminka a wasannin bidiyo

Kafin a harba harsashi na farko ko a taɓa ƙwallo, wasannin bidiyo da yawa sukan tsayar da kai gaban wani mutum marar suna, su ce ka gyara shi yadda kake so. Namiji ko mace? Wace fuska, wane aski, wace fata, wace riga? Duk wanda ya sauke PUBG Mobile a wayarsa ya bi ta wannan ƙofa, ko da minti ɗaya ya yi a bakinta. Wasu kuwa a nan suke raba dare, suna gyaran hanci da haɓa, wasan ma ba su fara ba.

Wannan shafi kamar shagon tela yake. Kai ne mai zaɓi, amma yadin da ke kan kanta da ɗinkin da telan ya iya su ne iyakarka. Akwai wanda ya zauna ya yanke abin da za a jera, abin da za a bari, da abin da sai ka sa hannu a aljihu.

Daga takarda aka faro

Asalin abin ya girmi wasannin kwamfuta na gida. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir da dayis irin na lido. Kowa zai jefa dayis ya samar wa jaruminsa maki a halaye shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Daga nan ya zaɓa masa sana'a, ko mayaƙi ko matsafi. Fuskar jarumin tana cikin zuciyar mai shi, babu wanda ya gan ta.

Wasannin kwamfuta irin su Wizardry da Ultima, da suka fito a 1981, wannan tsarin suka kwaso. A 1985 Richard Garriott ya zo da wata dabara a Ultima IV: wata mai duba ce za ta yi maka tambayoyi, kowace tambaya ta haɗa kyawawan halaye biyu ta ce ka fifita ɗaya, misali gaskiya ko tausayi. Amsoshinka ne za su nuna irin jarumin da za ka zama. Wasan ya taimaka wajen yaɗa kalmar Avatar, wadda asalinta daga harshen Sanskrit na Indiya ne, har ta zama sunan duk wata sura da ke wakiltar mutum a allo.

Fuska da sutura sun zo daga baya, da na'urori suka yi ƙarfi. The Sims na Will Wright ya fito a 2000, ya mayar da tsara mutane da gidajensu rabin wasan. A 2006 Nintendo ta kawo Mii a na'urar Wii, inda kaka da jika kowa zai yi ɗan hotonsa mai ƙaton kai.

Kama daban, iyawa daban

Zaɓi iri biyu ne, kuma rarrabe su ne farkon fahimta. Akwai na ado, wanda ba ya ƙara maka komai sai kyan gani: aski, riga, fentin bindiga, rawar murna. Shi ne 'yan gem suke kira sikin. A Fortnite, wanda ya sayi sikin mafi tsada da wanda bai sayi komai ba harsashi ɗaya ke kayar da su. Haka a Dream League Soccer, kana iya sa wa ƙungiyarka suna da tambari da kalar riga, ko ta Kano Pillars kake so, amma rigar ba za ta ci maka ƙwallo ba.

Akwai kuma zaɓin da ke taɓa ƙarfi. A Free Fire kowane jarumi da baiwarsa. Alok, wanda aka yi da kamannin wani makaɗin zamani ɗan Brazil, yana ƙara wa 'yan tawagarsa gudu da lafiya. Chrono, da ya fito a Disamba 2020 da haɗin gwiwar Cristiano Ronaldo, yana kafa garkuwa mai tare harsashi. A nan zaɓinka yana iya raba nasara da faɗuwa, shi ya sa rigima ba ta ƙarewa duk lokacin da aka ce irin wannan zaɓi da kuɗi ake samunsa.

Wanda ya fi burge ni wajen haɗa biyun shi ne GTA San Andreas na 2004, wanda duk wanda ya zauna a gidan gem zamanin PlayStation 2 ya sani. Jarumin wasan, CJ, yana zuwa wajen mai aski, yana sayen kaya. Idan ka cika masa ciki da abinci ya yi teɓa, gudu ya gagare shi; idan ka kai shi ɗaga ƙarfe ya murɗe. Jikinsa yana ba da labarin yadda ka riƙe shi.

Abin da ke ƙarƙashin fatar

Jarumin da kake gani raga ce ta dubban ƙananan alwatika da aka haɗa suka yi siffar mutum. A cikinta akwai kwarangwal da ke motsa ta, a samanta an shimfiɗa hoton fata. Ɗan layin nan da kake ja hagu da dama don faɗaɗa hanci, ga sirrinsa: mai zane ya riga ya sassaƙa hanci mafi siranta da hanci mafi faɗi, kwamfuta tana gauraya su ne gwargwadon inda ka tsaya. Ba za ka taɓa wuce iyakar da ya sassaƙa ba. Idan bai yi tunanin irin hancinka ko leɓenka ba, ko ka wuni kana ja ba zai fito ba.

Kowane sabon zaɓi kuma yana haifar da aiki ninki-ba-ninki. Riga ɗaya dole ta zauna a jikin siriri da mai ƙiba, dogo da gajere, a tsaye da a guje. Hula dole ta hau kan kowane aski ba tare da gashi ya huda ta ya leƙo ba, shi ya sa wasanni da yawa suke ɓoye gashin gaba ɗaya da zarar ka sa hula. Tufa mai yalwa ta fi kowace wahala, domin sai na'ura ta riƙa lissafa yadda kowane ɓangare zai kaɗa da iska da motsi. Babbar riga mai aska takwas, wadda ake naɗe hannunta a kafaɗa tana zamewa, aiki ne ja wur ga mai tsarawa, balle a ƙaramar waya. Wannan na cikin dalilan da suka sa jaruman gem suka cika sa matsattsun kaya da sulke.

Sai batun murya. Idan kai ka raɗa wa jarumi suna, wa zai kira shi da shi, alhali an naɗi muryoyin tun kafin ka sayi wasan? Masu Mass Effect sun bar maka sunan farko, suka riƙe na biyu, kowa a wasan yana cewa Shepard. Masu Fallout 4 na 2015 sun sa an naɗi ɗaruruwan sunaye da muryar wani mutum-mutumi mai hidima, domin ya kira ka idan naka na ciki. Saboda irin wannan ɗawainiya wasu kamfanoni suke ƙin ba da zaɓin sam. Kratos na God of War da Geralt na The Witcher mutane ne tsayayyu masu tarihi da ciwon zuciyarsu, kuma marubuci ya fi samun sarari idan ya san wanda yake rubutawa. Ban ga laifin wannan ba. Labari mai kyau da jarumi ɗaya ya fi zaɓi dubu a kan mutumin da ba shi da abin faɗa.

Baƙar fata da gashinta

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Shekaru da dama, baƙin mutum da ya shiga shafin tsara jarumi yakan tarar da fata iri-iri ta Turawa, sannan can ƙarshe launi ɗaya ko biyu masu duhu, su ma sun yi toka-toka kamar wanda hunturu ya buga bai shafa mai ba. Dalilin a aikace yake: an gyara hasken wasan da farar fata, aka rage haske kawai aka ce an yi baƙa, alhali baƙar fata tana da ja da ruwan zuma a ƙarƙashinta, kuma sheƙinta daban ne. A tsofaffin wasannin Animal Crossing na Nintendo, hanyar samun duhun fata ita ce ka bar jaruminka ya daɗe a rana. Sai a New Horizons na 2020 babban wasan ya ba da zaɓin launi tun daga farawa.

Gyaran ya fi zuwa daga masu wasan da kansu. Amira Virgil, wadda aka fi sani da Xmiramira, ta gaji da launukan The Sims 4 ta ƙirƙiro nata, ta kira su Melanin Pack, mutane suka yi ta saukewa. Danielle Udogaranya, wato Ebonix, ta yi suna wajen ƙera kitso da salon gashin baƙar fata. Da matsin lamba ya yi yawa, a Disamba 2020 kamfanin EA mai The Sims 4 ya ƙara launukan fata sama da 100 a wasan. Kafin nan, a 2019, ya saka hijabi da hula a cikin kayan da ake zaɓa kyauta.

Gashi ya fi fata wuya. Dabarun da aka gina na zana gashi a kwamfuta, da miƙaƙƙen gashi aka gina su, mai zubowa yana lilo. Gashinmu mai murɗewa ne yana tashi sama, ga kitso da ke bin fatar kai layi-layi. Don haka aka daɗe ana ba mu abu uku ko huɗu: tal-kwabo, ƙaramin aski, tulin gashi kamar ƙwallo, da wani kitso da ba a san kansa ba. Bayan fim ɗin Black Panther na 2018 kuma sai aka koma wa askin Killmonger na cikin fim ɗin, mai dada zube gefe guda. Aka gan shi a kan Miles Morales a wasan Spider-Man 2, aka gan shi a kan Eddy Gordo a Tekken 8, har 'yan wasa baƙaƙe suka fara tambaya ko shi kaɗai masu zanen suka sani. Wata malamar jami'a a Kalifoniya, A.M. Darke, ta kafa rumbun salon gashin baƙar fata na kyauta a intanet mai suna Open Source Afro Hair Library, kuma a 2023 ta haɗa kai da kamfanin Dove aka fitar da jagorar Code My Crown domin koya wa masu zane.

Ko a nan ɗin, baƙin mutumin da ake nufi galibi na Amurka ne. Da wuya ka ci karo da shuku ko kalaba yadda makitsiyar unguwa take yi, ko lalle a hannu, ko hula kube da zanna bukar. Tabon fuska kuwa a wajensu na sara da yaƙi ne, ba su san tsagar gado da ke faɗin asalin mutum ba. Wanda ya san waɗannan shi zai iya zana su, kuma manhajar Blender da ake irin wannan sassaƙa da ita kyauta ce ga duk matashin da ke da kwamfuta da haƙuri.

Wani wasa mai suna Rust ya juya lamarin a 2015. Ya ƙwace zaɓin baki ɗaya, ya riƙa raba launin fata da ƙuri'a, ya ɗaure shi da asusun mai wasa har abada. A 2016 ya yi haka da jinsi. Ƙorafi ya yi yawa daga waɗanda suka wayi gari a jikin da ba irin nasu ba, wanda ya ƙirƙiro wasan, Garry Newman, kuwa ya tunatar da su cewa mata sun daɗe suna wasa a haka.

Surar tana taɓa mai ita

A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford suka wallafa wani bincike. Sun ba mutane surori daban-daban a duniyar kwamfuta, sai suka ga waɗanda aka ba doguwar sura sun fi tsaurin ido wajen cinikin rabon kuɗi, waɗanda aka ba kyakkyawa kuma sun fi matsowa kusa da baƙo da sakin jiki a hira. Suka kira abin da sunan Proteus, wani abin bautar Girkawa mai sauya kama.

Duk da haka yawancin mutane ba sa nisa da abin da suka saba. A 2020 kamfanin Larian ya tattara zaɓin da aka fi yi a gwajin Baldur's Gate 3, wasan da ke da halittu masu ƙaho da jela da fata kala-kala, sai haɗin ya fito da Bature namiji mai gajeren gashi.

Inda kuɗin yake

A 2006 kamfanin Bethesda ya sa sulken doki a kasuwa a wasan Oblivion kan dala biyu da rabi, 'yan wasa suka yi ca a kansa. Yau wannan ciniki shi ke riƙe da manyan wasannin da ake saukewa kyauta. Fortnite, PUBG Mobile, Free Fire, Call of Duty Mobile da Roblox duk ba sa karɓar kuɗin shiga, galibi a kan ado suke ci.

Hanyar tana da matakai. Da farko za a canza maka kuɗinka zuwa na wasan, UC ko dayamon ko V-Bucks ko Robux, yadda ba za ka riƙa jin nauyin naira ba lokacin kashewa. Yawanci ƙunshin da ake sayarwa ba ya yin daidai da farashin kayan, sai canji ya ragu da zai ja ka ka ƙara. Sannan a ce kayan na 'yan kwanaki ne. Ga kuma idon abokai: a wasu makarantun Turai da Amurka yara sun mayar da sunan rigar kyauta ta Fortnite abin gori ga wanda iyayensa ba su saya masa ba. Yaron da ya dame ka da roƙon kuɗin dayamon, sau da yawa wannan gorin yake gudu, kuma ya kamata a saurare shi kafin a yi masa faɗa.

Mafi muni shi ne akwatin sa'a, inda za ka biya ba ka san abin da zai fito ba, kana fatan rigar da ba a cika samu ba. Mu a nan mun san sunan biyan kuɗi a kan ƙila-wa-ƙala, kuma hukumar kula da caca ta Beljiyam ma haka ta kira shi a 2018, abin da ya tilasta wa kamfanoni da dama cire shi a ƙasar. A Disamba 2022 Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar kare masu saye ta Amurka: miliyan 275 kan tattara bayanan yara, miliyan 245 kuma a mayar wa waɗanda tsarin maɓallan wasan ya sa suka sayi abin da ba su yi niyya ba. A 2024 hukumar kare masu saye ta Holan ta ci shi tarar sama da Yuro miliyan 1, har da dalilin agogon da ke ƙirga lokaci a shagon wasan yana sa yara gaggawar saye.

Idan katin bankinka yana haɗe da wayar da yaro ke wasa da ita, Google Play da App Store duk suna da wurin da za ka sa a riƙa neman lambar sirri ko zanen yatsa kafin kowane saye.